Jera jimlolin labari: amsa ɗaya ce ko ta fi ɗaya?

Madan Zali: Assalamu alaikum iyayena da malamaina na wannan zaure. Shawara nake nema kafin in mayar wa yara da kayensu. Ajin CE2, wato aji huɗu na firamare, nake riƙe da shi. A darasin Hausa na ba su jimloli shida a hargitse, na ce su jera su yadda za su zama labari. Ga su:

a) Da ta isa, sai ta tarar da layi har bakin titi.
b) Inna ta tashi Hadiza tun da asuba.
c) An kwana uku ba a kawo ruwa a unguwar ba.
d) Ta ɗauki bido biyu ta nufi famfo.
e) Ba ta dawo gida ba sai da rana ta take tsaka.
f) Ta ajiye su a bayan na wata tsohuwa, ta zauna.

Amsar da na shirya ita ce c, b, d, a, f, e. To amma kusan rabin ajin sun rubuta b, d, a, c, f, e, wato sun kai zancen rashin ruwan bayan an ga layi. Kuma a cikinsu akwai yaran da suka fi kowa karatu. Na ɗauki jan bik zan soke, hannuna ya ƙi. In ba su maki ko in hana?

Mushe Ibro: Wa alaikumus salam ƴata. Amsarki ita ce daidai. Me ya fara faruwa? Ɗauke ruwa. Shi ya sa Inna ta tashe ta da asuba, shi ya sa aka yi layi. Dalili ne gaba, abin da ya haifa yana biye. Yaron CE2 wannan ake so ya riƙe: abin da ya riga faruwa shi ake fara faɗa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In kika sake musu yanzu, a CM2, ajin ƙarshe na firamare, za su kawo miki rubutu kai a ƙasa ƙafa a sama, su ce ai Madan ta yarda.

Maman Abdu: Baba Mushe ku yi haƙuri in sa baki. Ni uwa ce, ba malama ba. Na karanta na yaran da ƙarfi a tsakar gida, wallahi ya fi yi mini daɗi a kunne. Haka muke ba da labari. Ka ce na je famfo na tarar da layi har titi, mai sauraro ya ce to me ya faru, sannan ka ce ai kwana uku ke nan babu ruwa. Yaran nan abin da suke ji a gida suka rubuta.

Mushe Ibro: Hira daban, rubutu daban, Maman Abdu. A hira wanda bai gane ba zai tsayar da ke ya tambaya. Takarda ba a tambayarta. Ki duba jimlar f: “Ta ajiye su.” Su wa? Bido. A jerin yaran, tsakanin bido da “su” an ratsa jimla biyu, ɗaya ma tana maganar kwana uku. Mai karatu sai ya koma baya ya nemo abin da aka ajiye. Wannan aibi ne.

Malam Lawali: Baba Mushe, wannan hujja taku ta “su” mai ƙarfi ce, na yarda da ita. Amma ku ba ni dama in nuna abu biyu a cikin jimlar c ɗin kanta, domin a nan rigimar take.

Na farko, Madan ta rubuta “an kwana”, ba ta rubuta “aka kwana” ba. A Hausa, abin da ke tura labari gaba shi ne aka, suka, muka, kuka. Suka tashi, suka ɗaura kaya, suka kama hanya: kowane yana bin na gabansa, ba ka iya juya su. Shi kuwa an, sun, mun, yana ba da halin da ake ciki ne, abin da ya riga ya kasance kafin lokacin da ake magana. Jimla mai irin wannan ba ta da kujera ɗaya tilo a cikin labari. Tana iya buɗe shi, tana iya shigowa tsakiya ta yi bayani. Da a ce Madan ta rubuta “Aka kwana uku ba a kawo ruwa ba”, da ba ta isa ta zo farko ba sam, sai dai can bayan Hadiza ta dawo gida. Abin da ke ɓoye mana wannan shi ne, in mutum ɗaya ne, ya da ta, rubutunmu ba ya bambanta su; a baki ne ake jan ɗaya a gajarta ɗaya. Ku mayar da Hadiza ta zama yara biyu, nan take za ku ga suka, suka, suka sun jeru, “an kwana” ta fita daban.

Na biyu, “a unguwar”. Wace unguwa? Wannan r ɗin na ƙarshe yana nufin wadda aka riga aka sani. Bahaushe ba ya buɗe labari da shi. Zai ce a wata unguwa, ko ya kira sunanta, a Garin Malam, a Kara-Kara. Yaran da suka ƙi sa c a farko, kunnensu ne ya gaya musu cewa jimlar tana jingine da wani abu da ya gabace ta. Ba su san sunan ƙa’idar ba, amma sun bi ta.

Madan Zali: Malam, to ke nan jerina ne mai rauni?

Malam Lawali: Kowane yana da inda ya yi rauni, ƙanwata. Naki ya buɗe da “unguwar” da ba a gabatar ba, nasu ya nisanta “su” daga bido. Dukansu ana karantawa a gane. Abin da ba ya yiwuwa shi ne f kafin d, ko a kafin d, ko e a tsakiya. Duk wanda ya yi haka ki soke ba tausayi.

Habsatu: Ni ma ina bi. Aji na CE1 gare ni, wato aji uku na firamare, wannan matsala ce nake fama da ita.

Nasiru: Mu a gidan rediyo kullum daga ƙarshe muke farawa. In gobara ta tashi, jimlar farko ita ce abin da ya ƙone da ko an rasa rai. Yadda wutar ta fara sai daga baya. In na fara da “da misalin ƙarfe biyu na dare wani mai shayi ya bar garwashi”, mai sauraro ya murɗa tasha kafin in kai ga abin da yake son ji. Kuma ba wanda ya taɓa cewa labarin ya hargitse.

Mushe Ibro: Nasiru ɗana, kai rahoto kake yi, kuma ka san jerin abin tun daga fari kafin ka juya shi. Wanda bai iya jerawa ba ba zai iya juyawa ba. Yaro ɗan shekara tara muke magana.

Nasiru: Haka ne Baba. Amma ko a wurinmu akwai doka. In na koma baya dole in sa alama: “tun da farko”, “kafin nan”, “dama dai”. In babu alamar, mai sauraro zai ɗauka wutar ta sake tashi ne karo na biyu.

Maman Abdu: To ai alamar nan ita ce “ashe” a tatsuniya. Kakarmu in tana mana ta Gizo, ba ta taɓa gaya mana wayon da ya shirya tun farko ba. Sai a yi ta tafiya, ana nan ana nan, sai an zo inda abin ya fashe ta ce, ashe Gizo ya riga ya ɓoye a cikin tulu. Mu duka mu yi ihu. Da ta faɗa tun farko, wa zai tsaya jin sauran? Amma kuma ranar da ƙanena ya karɓi tatsuniyar ya manta bai ce Ƙoƙi ta tafi rafi ba, ya ce ta dawo, nan take muka tare shi: daga ina ta dawo? Yara sun san jeri tun kafin lakwal. Abin da ba su iya ba shi ne gane shi a kan tabulo.

Malam Mutari: Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban yi magana ba. Malaman tafsiri sun yi bahasi mai yawa a kan gabatarwa da jinkirtawa, kuma ko almajiri ya san misalinsa. A Suratul Baƙara, umarnin yanka saniya ya zo a aya ta 67, amma kisan da ya jawo umarnin ba a ambace shi ba sai a aya ta 72. Mai karatu yana tafe da Bani Isra’ila cikin tambayoyinsu, wane launi, wace iri, bai san dalili ba sai daga baya. A Suratul Kahfi kuma an fara taƙaita labarin samarin kogo gaba ɗaya a ƴan ayoyi, sannan daga aya ta 13 aka ɗauko shi dalla-dalla. Suratu Yusuf kuwa daga mafarki ta fara, ta bi rijiya, gidan Azizu, kurkuku, mulki, har mafarkin ya tabbata. Ba ina kwatanta maganar Allah da aikin ƴan aji ba ne, Allah ya kiyaye. Ina nuna cewa jinkirta dalili ba hargitsi ba ne in akwai hikima a ciki.

Mushe Ibro: Allah ya gafarta Malam, ba mai ja da wannan. Amma tambayar ƴarmu ta maki ce. Aji mai yara saba’in ko fiye, malama ɗaya. In kowane jeri sai an zauna an auna hikimarsa, yaushe za ta gama gyara? Ranar jarrabawa kuma mai gyara yana da amsa ɗaya a gabansa, bai san Maman Abdu ba, bai san kakarta ba. Tausayin da za mu yi wa yaro yau shi zai kayar da shi gobe.

Malam Lawali: Wannan gaskiya ce Baba, shi ya sa nake ganin nauyin yana kan mai shirya tambaya. In ana son amsa ɗaya, a rufe sauran ƙofofin tun a wurin rubuta jimlolin. Abu ne mai sauƙi. A ce: “Wata rana aka kwana uku ba a kawo ruwa a Garin Malam ba.” Sannan: “Ran na huɗu, Inna ta tashi Hadiza tun da asuba.” Yanzu “wata rana” ta kafe jimlar a farko, “ran na huɗu” ta ɗaure ta biyu a jikinta. Babu yaron da zai raba su ya ce yana da hujja. Jimlolin labari kamar raƙuman ayari suke, kowane da igiyar da ta haɗa shi da na gaba. In malami ya saki ɗaya ba igiya, kada ya ga laifin yaro in ya ɗaure shi a inda ya ga ya dace.

Igiyoyin nan kuwa ba su da yawa, ana iya koya su a mako biyu. Suna yana zuwa kafin ya ko ta. Wani da wata suna kawo baƙo, ɗin da nan suna nuna wanda aka riga aka sani: “wata tsohuwa” tukuna, sannan “tsohuwar”. Ba a isa sai an nufa, ba a dawowa sai an tafi. “Da ta isa” tana neman tafiya a bayanta. Washegari tana neman jiya. “Amma” da “saboda haka” ba sa buɗe labari.

Habsatu: Malam don Allah a ƙara bayani kan “sai”. Yarana kowace jimla da sai suke farawa. Sai ya tashi, sai ya tafi, sai ya ga kare, sai ya gudu, har ƙarshen shafi.

Malam Lawali: A CE1 kada ki hana su, Madan. Wannan sai ɗin ita ce shaidar sun gane abu yana bin abu. Daga CE2 ne za ki fara tambayarsu: wannan sai ɗin, ta “daga nan” ce ko ta “saboda haka”? Ya ga kare sai ya gudu, ganin karen ne ya kawo gudun. Ya tashi sai ya tafi, bi da bi ne kawai. In suka fara rarrabewa, da kansu za su rage ta.

Mushe Sanusi: Wannan magana ta ƙarshe ita ce ciwona a kolej. Tarihi nake koyarwa, kuma yaran da kuke turo mana sun iya jera shekaru amma duk abin da ya biyo wani sai su ce shi ya haife shi. Misali daga nan gida. A 1898 aka kashe Kyaftin Kazamaju na Faransa a Damagaram, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. A 1899 sojojin Faransa suka zo, aka gwabza a Tirmini, suka shiga Birni, tsohon garin Damagaram mai ganuwa, a shekarar kuma aka kashe Sarkin. A 1911 Damagaram ta zama hedikwatar mulkin Faransa a Nijar, a 1926 aka mayar da hedikwatar Yamai. In na hargitsa waɗannan, kowa zai jera su daidai, shekarun suna nan. Amma in na ce a rubuta sakin layi, sai in ga “aka kashe Kazamaju, saboda haka Faransawa suka ci Damagaram”, shi ke nan. Alhali ayarin sojan nan Tafkin Cadi ya nufa tun daga fari, kuma akwai wani ayarin da ya keto Sahara daga Aljeriya ya iso Damagaram a ƙarshen 1899, suka haɗu a yaƙin Kusiri a 1900 inda aka kashe Rabe, mai riƙe da Borno a lokacin. Kisan Kazamaju ya ba su hujja da fushi, amma ko babu shi hanyarsu ta nan ta biyo. Wannan jimlar ta niyyar zuwa Cadi, a ina yaro zai sa ta? Ba ta da rana ɗaya. Irin jimlar c ce ta Madan Zali. Yaron da aka koya wa cewa jeri agogo ne kawai, in ya zo nan sai ya yar da ita, tarihin ya karkace.

Mushe Ibro: Sanusi, ka kawo magana mai nauyi. Amma ka lura, sai da suka iya jera 1898 kafin 1899 sannan kake neman su da abin da ya fi haka. Matakin farkon nake karewa.

Mushe Sanusi: Ba na musun matakin, Baba. Tsorona kada a tsaya a kansa har BEPC, jarrabawar ƙarshen kolej.

Mushe Ibro: Tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa a garin nan, mu ne farko a Nijar. Abin da muka gani a wancan zamani shi ne yaro in ya yi rubutu da harshen da yake mafarki da shi, labarinsa yana fitowa a miƙe, ba ya tsalle. Yanzu da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, ajujuwan za su ƙaru, malaman kuma da yawa ba a horar da su a kan ƙa’idar Hausar ba. Shi ya sa nake tsananta wa. In kowane malami yana da tasa amsa, iyaye za su ce karatun Hausa ba shi da doka.

Malam Lawali: Dokar tana nan Baba, a cikin harshen take. Aikinmu mu fito da ita fili, mu rubuta ta, kowane malami ya yi gyara da ita.

Madan Zali: Na gode ƙwarai iyayena. Ga abin da na tsayar. Masu c a farko da masu c bayan layi duka zan ba su cikakken maki, masu sauran jeri a’a. Gobe kuma zan rubuta jerin biyu a tabulo gefe da gefe, in tambayi kowane ɓangare me ya sa. Na gaba da zan ba su zan rufe ƙofofin kamar yadda Malam Lawali ya nuna, amsa ɗaya tak.

Mushe Ibro: Da ni ne, rabin maki zan ba su. Amma ajinki ne ƴata, ke kika san su. Ki dai tabbata wanda ya sa c a tsakiya ya iya faɗin dalili da bakinsa. Wanda ya kasa, sa’a ya taka.

Habsatu: To mu masu ƙananan aji, babu takardar da za mu raba wa kowa, babu kuɗin buga ta. Yaya za a yi wannan aikin?

Maman Abdu: Ku sa su faɗi yadda ake dama kunu ko yadda ake yin alwala mana. Wa zai ce an shafi kai kafin a wanke fuska?

Malam Mutari: Alwala tana da kyau don farawa, jerinta a kafe yake, kowane yaro ya san shi. Sai dai ba labari ba ce, babu wanda wani abu ya same shi a ciki. A fara da ita, a wuce.

Malam Lawali: Madan Habsatu, allunan yaran sun isa. Ki zaɓi yara huɗu, kowa ki rubuta masa jimla ɗaya a allonsa da alli, su fito gaba su tsaya yadda suka ga dama suna ɗaga allunan. Sauran ajin su ne za su ce wane ya matsa dama, wane ya koma hagu. Sharaɗi ɗaya: duk wanda ya ce a matsar da wani sai ya nuna kalmar da ta sa. Kada ki karɓi “haka ya fi daɗi” ita kaɗai, ki ce wace kalma ce ta gaya maka. In sun gama, yaro ɗaya ya karanta daga farko zuwa ƙarshe da ƙarfi, ajin ya saurara ko akwai inda aka yi tuntuɓe. A CE1 jimla uku ko huɗu sun isa, kuma ki yi amfani da mutum biyu a labarin domin “suka” ta fito fili.

Bayan mako ɗaya ko biyu ki cire allo ɗaya daga tsakiya ki ɓoye, ki ce me ya ɓace. Wannan ya fi jerawar wuya, kuma shi ne ke kai su ga rubuta nasu.

Mushe Sanusi: Wannan na cire allo zan gwada shi a 6e, ajin farko na kolej, da tarihin Sarki Tanimun da ginin ganuwar Birni. Malam Lawali, in na tsara jimlolin zan turo maka ka duba mini “an” da “aka” kafin in kai aji.

Malam Lawali: Turo su kafin Alhamis, ran nan ina kasuwar Dole har yamma. Kada su wuce bakwai, kuma ka bar shekara a biyu kawai daga cikinsu, in ba haka ba lambobin za su bi, ba za su karanta jimlolin ba.